Toka a Kan Gangaren Kaisu

Kuusiranta, 6 ga Janairu, 1974

Yaya Aulikki,

Gaisuwa mai yawa daga ni da yara. Ina fatan kina lafiya, kuma ciwon bayan da aikin asibiti ya jawo miki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Veikko ya yi mura ta kwana huɗu, ta sake shi. Kaisu ko tari ba ta yi ba. Kayan Kirsimeti sun iso. Jar safar hannu ta yi wa Kaisu daidai, ta Veikko ta yi masa yawa, amma ɗan shekara uku ba ya daɗewa bai cike kaya ba.

Na karanta wasiƙar da kika sa a cikin kayan sau uku, na kuma ajiye ta mako biyu, don na san halina. In na amsa da wuri nakan yarda da abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba. Kin ce in ba ki Kaisu ta koma wurinki can Sweden, a Göteborg, inda gida ke da ɗumi, likitocin ƙashi ke kusa. Kin ce ke ce yayar uwarta, kuma tun da Marjatta ta rasu shekara biyu ke nan, namiji mai raba wasiƙu ba zai iya da yarinya mai takalmin ƙarfe ba. Amsata a'a ce. Sai da na rubuta ta a littafina na kullum, na kwana a kanta, in ga ko za ta canza da safe. Ba ta canza ba.

In ina wurin aiki suna hannun maƙwabciyarmu Rauha, kin san ta, tsufa bai rage mata baki ba. Ƙarfe biyu nake dawowa, sauran yinin namu ne.

Jiya ma'aunin bakin taga ya nuna ashirin ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara ta zama gari, ba ta dunƙuluwa, don haka muka haƙa kogo a cikin tarin da na kwashe daga hanya. Awa uku muka yi a waje. Kaisu ta ce ita uwar dabbar daji ce mai barcin hunturu, Veikko ɗanta, ni kuma maharbi. Da na leƙa kogon sai ta ce, "Maharbi, koma gida, kai ko bindiga ba ka da ita, shebur ne a hannunka." Sau biyar aka cinye ni.

Bara ranar Laskiainen, bikin zamiya a kan dusa, ta taga Kaisu ta kalli yaran ƙauye suna zamiya a tudunmu. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Bana shekararta shida. Bana za ta sauka.

Ƙaninki,
Tapani


Göteborg, 15 ga Janairu

Tapani,

Na gode da gaisuwa. Bayan nawa yana nan yadda yake. Ka gaishe da Rauha, ka sumbaci yaran.

Awa uku! A ashirin ƙasa da sifili, da ƙarfe ɗaure a ƙafar yarinya! Ka rubuta mini wannan da hannunka kamar abin yabo. Ƙarfe yana shan sanyi, Tapani, ya zuba shi cikin ƙashi. A ɗakin da nake aiki na ga yatsun da aka yanke, na ƙarti ma, ba na 'yar yarinya ba.

Ba ka tsaya nan ba, wai kuma za ta sauka daga tudu. A gidan da kuke ciki aka haife ni, na san tudun kafin ka san hanyar ƙauyen. Ni da ƙafafuna biyu lafiyayyu na karya hannu a kansa ina shekara tara. Ita in ƙugun ya sake gocewa fa? Sai ka buɗe littafinka ka rubuta ƙarfe nawa abin ya faru? Littafi ba ya ɗora ƙashi.

Ba na cewa ba ka son ta. Cewa nake ba ka san abin da kake yi ba, kuma kai ma ka sani, tunda sai ka kwana a kan magana kafin ka iya cewa a'a. Ka bar zancen tudun nan. In ba ka bari ba, ni ma ina da inda zan kai magana.

Aulikki


Kuusiranta, 27 ga Janairu

Yaya Aulikki,

Muna gaishe ki, muna lafiya. Haƙorin Kaisu na gaba ya fara girgiɗi, tana nuna wa duk wanda ya shigo.

Kin karanta maganar awa uku, ba ki tambayi yadda aka yi su ba. Laifina ne, ban faɗa ba. Safa biyu ta ulu take sawa a ƙarƙashin ƙarfen, a samansa kuma fatar tunkiya da Rauha ta ɗinka mai igiya. Duk rabin awa nakan cire takalmin in taɓa yatsun. Ta tsani wannan. Takan ce, "Baba, suna nan, ba inda suka je." Ina ƙirga su duk da haka.

Kin faɗi gaskiya guda: sau da yawa ban san abin da nake yi ba. Ban iya kitso ba, miyata sai a hankali. Amma zuba wa tudu ruwa na iya, kuma na fara. Na tattake hanyar, na tayar da bango a gefe da gefe, tsayin gwiwa. Kullum da yamma kafin duhu ina ɗebo bokiti goma sha biyu daga ramin da muka fasa a tafki, in zuba siriri-siriri daga sama. In ka kwara da yawa lokaci guda sai ƙanƙarar ta yi ƙoƙo a ciki, ta fashe. Veikko yana biye da ni da butar shayi, rabin ruwansa a wandonsa yake ƙarewa. Kaisu ce shugabar aiki, tana zaune a kan katakon zamiyar Marjatta, mai ƙafafun ƙarfen nan, tana ba da umarni.

Rauha ta fito ta tsaya tana kallona, ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, "Kai Huotari, gangaren yara kake yi ko titin jirgin sama?"

Kaisu ta ce, "Kaka Rauha, matsa, kina taka mana aiki."

"Ji 'yar nema! A gabana aka yanke miki cibiya."

"To yanzu dai matsa."

Ta matsa.

Na yi wa Kaisu alkawari ba wanda zai hau kafin ranar, kuma ita ce za ta buɗe. Ta tambaye ni ko gaskiya ne wanda ya fi nisa a zamiyar, ramar lilinsa ce za ta fi tsayi da bazara. Na ce haka tsofaffi suka ce. Ta ce ai mu ba mu shuka rama. Na ce bana sai mu shuka.

Ki kai magana inda za ki kai. Ni ba zan koma in ce mata ta koma taga ba.

Tapani


Kuusiranta, 12 ga Fabrairu

Yaya Aulikki,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha shida ke nan da na rubuta miki, ban ji daga gare ki ba. Da farko na ɗauka bayan ne ya kwantar da ke, har na damu.

Ranar Juma'a ina tsince wasiƙu na ga ambulan mai kan sarkin Sweden. Rubutunki ne, ko a duhu na san yadda kike karkata shi. Amma ba sunana ba ne a kai. Kwamitin kula da yara na gunduma kika rubuta wa. Kin manta wa ke raba wasiƙu a nan, ko kuwa kin tuna?

Zan faɗa miki abin da ya faru, don ba na son in ɓoye miki ko munin kaina. Na tsayar da mota a gadar da ke kafin ofishin gunduma. Akwai wurin da ruwa ba ya daskarewa a ƙarƙashinta. Na riƙe ambulan ɗin minti shida, na duba agogo. Wasiƙu na ɓata tsakanin ƙasa da ƙasa, ba wanda zai tambaye ni. Daga nan na tayar da mota, na shiga na miƙa ta hannu da hannu, na ce musu ina kwana.

Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ban taɓa riƙe takardar kowa ba, ba zan fara da taki ba. Kuma in sai na yi sata zan riƙe 'yata, to kin yi gaskiya ke nan, ban cancanta ba.

Yau amsarsu ta zo mini, ita ma ni na kawo wa kaina. Wata Uwargida Tolonen za ta zo ta ga gida da yarinya ranar Talata, ashirin da shida ga wata. Ki duba kalanda. Ranar Laskiainen ce. Rauha ta ce in ɗage zamiyar Kaisu zuwa Laraba, in sa mata farar riga ta zauna kusa da murhu da littafi, baƙuwa ta gani ta tafi. Na kwana a kan shawarar. Ba zan yi ba. Abin da matar za ta gani shi ne abin da muke.

Tapani


Göteborg, 18 ga Fabrairu

Tapani,

Ina lafiya. E, na rubuta musu, kuma ban manta aikinka ba. Na san za ka kai, shi ya sa ban ji tsoron aikawa ba. Wannan ma ka sa shi a littafinka.

Ban rubuto maka ba ne don ba ni da abin cewa da ban riga na ce ba. Na roƙe ka abu ɗaya yanzu, ba don kwamiti ba, don darajar Marjatta. In har sai ta sauka, ka yi wani abu da zai rage mata gudu. Kai mai dabara ne. Ka yi wani abu.

Aulikki


Kuusiranta, 27 ga Fabrairu

Yaya Aulikki,

Kafin komai: Kaisu tana lafiya, ƙugun lafiya, ƙafar lafiya. Leɓenta na sama ya fashe, haƙorin nan mai girgiɗi ya fita. Ki zauna ki karanta sauran a hankali.

Ranar Litinin na gwada gangaren. Na cika buhu da yashi daidai nauyinta, na ɗaure a kan katakon, na sake shi. Ya wuce ni kamar an harba. Ya sauka tudun, ya haye gaɓa, ya yi nisa a kan tafki har ya zama ɗigo. Babu komai a can sai fili, ƙanƙarar kuwa ta kai kaurin da mota ke bi. Na san haka, ni na auna. Amma wasiƙarki tana aljihuna.

Talata da safe na kwashi toka daga murhun sauna, ɗakin wankan tururi, irin wadda muke barbaɗawa a matakala don kada mutum ya zame. Na barbaɗa ta a ƙasan gangaren, tsawon taku huɗu, na rufe da garin dusa don kada Kaisu ta gani. A tunanina za ta ɗan ja katakon ne ya rage gudu. Ban sake gwadawa da buhun ba, don ban so ta ga alamar. A duk aikin nan abu ɗaya ne ban gwada ba, shi ne wannan.

Na ɗauki hutun rabin yini. Sha bakwai ƙasa da sifili, rana ta fito. Yara tara suka zo da iyayensu, Rauha ta kawo tukunyar miyar wake da burodi mai kirim. Uwargida Tolonen ta iso ƙarfe ɗaya, doguwar mace mai hular gashi, da jaka a hammata. Ta duba kicin, ta duba gadajen yara, ta buɗe kabad. Sannan ta biyo mu tudu.

Na zaunar da Kaisu, na miƙe mata ƙafar, na ɗaure fatar tunkiya. Na ci gaba da riƙe katakon. Ta ce, "Baba, sake ni mana, ko tare za mu?" Na sake.

Yara suka ɗau ihu, "Doguwar rama! Doguwar rama!" Ta tafi tiryan-tiryan a tsakiya, jar safarta riƙe da igiya. Da ta kai wurin tokar sai katakon ya tsaya cak kamar an damƙe shi daga ƙasa. Ita ba ta tsaya ba. Ta tashi sama, ta daki bangon gefe da fuska.

Ban san yadda na sauka ba. Rauha ta ce da gindi. Na same ta a zaune, jini a haɓa, jini a kan dusa. Ta tofar da haƙorin a tafin hannu, ta dube shi, sannan ta fashe da kuka. Na taɓa ƙugun, na lanƙwasa gwiwar, na ce ina ke ciwo. Ta ture hannuna.

"Ba ni na faɗi ba! Wani abu ne ya riƙe ni!"

Uwargida Tolonen ta riga ta iso. Ta sa ƙafa ta share dusar, baƙi ya bayyana. Ta juya ta dubi mutanen da ke tudu.

"Wane marar hankali ne ya zuba toka a gangaren Laskiainen?"

Akwai yara maza biyu masu ƙiriniya a wurin, na ga idanu sun fara komawa kansu.

Na ce, "Ni ne."

"Kai, Huotari? Don me?"

"Don kada ta yi nisa."

Rauha ta ce, "Garin gyaran gira ka tsone ido, sarkin awo."

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni Kaisu ce. Ta daina kukan, ta dube ni, ta ce, "Baba, har da kai?"

Yaya Aulikki, ba don in ɗora miki nake faɗa ba. Ke roƙo kika yi, hannuna ne ya ɗebo tokar.

Na sunkuya zan ɗauke ta in kai ta ciki. Ta sandare. Ta ce ba ta buɗe gangaren ba tukuna, wannan ba ya cikin lissafi, sai ta sake. Na dubi Uwargida Tolonen. Ta fito da takarda da fensir tana kallona, fuskarta ba ta nuna komai. Na san abin da mai hankali zai yi: yarinya na jini, ga wakiliyar gunduma, ka kai ta ɗaki ka ba ta madara mai zafi. Na kuma san in na kai ta yau, na gaya mata ke nan cewa duk wata biyun nan ƙarya nake yi, ni ma a taga nake son ganinta.

Na ce, "Rauha, miƙo mini shebur."

Na kankare tokar tas har sai da na ga ƙanƙara mai haske. Maza biyu suka ɗebo mini bokiti uku, na zuba siriri. A wannan sanyin kwata ɗin awa ya isa. Kaisu tana zaune da dunƙulen dusa a leɓe, Veikko ya ba ta rabin burodinsa, ya lashe kirim ɗin tukuna. A nan Uwargida Tolonen ta durƙusa ta kwance takalmin da kanta, ta cire safar hannunta, ta riƙe yatsun ƙafar. Kaisu ta ce mata, "Biyar ne, Baba ya ƙirga ɗazu."

Na sake zaunar da ita. Wannan karon ban jira ta ce in sake ta ba.

Ta wuce wurin kamar ba a taɓa yin komai ba, ta haye gaɓa, ta yi cikin tafki. Muryarta muke ji tana ihun rama da bakinta mai giɓi. Da katakon ya tsaya ta sauka da kanta, ta kafa reshe a wurin yadda kowa ke yi, ta jawo shi da igiya. Na tafi zan tarye ta, ta ce in tsaya inda nake. Minti goma sha ɗaya ta yi kafin ta iso gindin tudu.

Ba ita ta fi kowa nisa ba. Ta uku ta zo cikin goma, kuma tana cewa iska ce ta cuce ta. Sau bakwai ta sauka.

Uwargida Tolonen ta sha miya kwano ɗaya a tsaye, ta gode wa Rauha, ta ce mini, "Za ku ji." Ban iya karanta fuskarta ba. Ta ga jinin yarinya ta dalilina, ta ji na amsa da bakina. In sun ce ki zo ki ɗauke ta, ba zan ce ban ba su hujja ba. Amma zan bi su kotu-kotu, ki san da wannan.

Tapani


Göteborg, 11 ga Maris

Tapani,

Ina gaishe ku. Yaya leɓen? Ka riƙa shafa mata mai, kada ya tsage da sanyi.

Takardar kwamiti ta zo mini yau, taka ma na san tana hanya, in ba ta riga ta shiga jakarka ba. Sun ce ba su ga dalilin raba yarinyar da gidan ubanta ba. A ƙasa matar ta ƙara layi biyu da hannunta. Ta ce ta sami yatsun ƙafar da ɗumi bayan awa biyu a waje, kuma haɗari ɗaya da ta gani a gidan shi ne tsoron manya.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin hutu, na tashi na shiga banɗaki don kada a gan ni. Ban ce ka yi daidai ba. Da ƙugun ya goce da yanzu wata magana muke yi, kuma har gobe in na tuna ka sake ɗora ta sai gabana ya faɗi. Amma ba zan sake rubuta wa kowa ba.

Ɗakuna biyu ne da ni a nan, hawa na shida. Da hunturu ruwan sama kawai ake yi. In na dawo aiki ba mai ce mini sannu. Ban san ko don ita nake nema ba ko don kaina, kuma kada ka amsa mini wannan.

Aulikki


Kuusiranta, 17 ga Maris

Yaya Aulikki,

Muna lafiya, leɓen ya warke. Takardar ta zo. Ban buɗe ta a mota ba, sai da na gama raba na mutane.

Ba zan amsa abin da kika ce kada in amsa ba. Ga dai shawara, kuma wannan ban kwana a kanta ba. Watan Yuli ina da hutu. Zan kawo miki su duka biyun da kaina su yi wata guda, ki kai ta wurin likitocinki su duba ƙugun, ni ma ina son in ji abin da za su ce. Ranar talatin da ɗaya zan ɗauke su, mu dawo gida.

Na gaya wa Kaisu. Ta tambaya ko akwai tudun zamiya a gidanki, na ce sai dai matakala. Ta ɗan yi tunani, ta ce za ta zo duk da haka, don kada ki zauna ke kaɗai. Amma ta ce in faɗa miki da manyan baƙaƙe, ziyara za ta zo, a nan take zaune.

Ƙaninki,
Tapani